Kafin Ka Ɗaure Kaya: Shirin Tafiya Kwas Ƙasar Waje Daga Gombe

Saƙo ya shigo an ce an zaɓe ka, kafin magariba labari ya kai gidan surukai. Masha Allah, Allah ya sa alheri. Amma takardar taya murna ba ta hawa da kowa jirgi. Tsakanin ranar da ta iso da ranar tashi akwai aikin da yakan ci wata biyu zuwa uku, kuma mafi yawansa a nan gida yake: sakatariya, ofishin fasfo, banki, da tsakar gidanka. Mutanenmu sun fi jin tsoron ofishin jakadanci, alhali sau da yawa tafiyar tun daga Gombe take lalacewa.

Irin tafiyar da nake nufi ba ta neman digiri ba ce. Shirin musayar ƙwarewa ne, inda ake ɗaukar ma'aikaci mai shekaru a bakin aiki, ya je ya zauna da takwarorinsa na wata ƙasa, ya dawo kujerarsa. Akwai shirin Humphrey na Amurka da aka kafa a 1978, wata goma ake yi. An kuma yi na Mandela Washington, shi ma na Amurka, da ya fara a 2014, mako shida, na masu shekara 25 zuwa 35. Ingila na da na Commonwealth na ƙwararrun ma'aikata, Jafan na da kwasa-kwasan hukumarta ta haɗin kan ƙasashe, JICA, Indiya kuma shirinta na horar da ƙwararru, ITEC, tun 1964. Tsawonsu ya bambanta, kuma tsawon shi ke yanke irin bizar da za ka nema, da gwajin lafiyar da za a yi maka, da irin hutun da za ka roƙa a wurin aiki. Don haka ka zauna da takardar da biro a hannu, ka fitar da abu huɗu: ranar farawa da gamawa, wa zai sayi tikiti, wa zai biya biza da inshora, da yaushe alawus zai fara shigowa. Idan kuma ba ka tuna ka taɓa cike fom ba, ko an ce ka tura kuɗin rajista asusun wani mutum, ko imel ɗin daga adireshin Gmail ya fito, tsaya nan. Shirin gaskiya ba ya karɓar kuɗi kafin ya ba ka gurbi.

Abin da ya kamata ka fara a washegarin ranar shi ne takardar sallama daga wurin aiki, domin ita ce ta fi kowace jinkiri, kuma ita ce ba ka da iko a kanta. Ma'aikacin jiha takardarsa na bi ta hannun shugaban sashe, ta je wa babban sakatare, sannan ofishin shugaban ma'aikata. Malamin firamare nasa na bi ta sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa SUBEB. Malamin Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko ATBU a Bauchi, sai ta ratsa shugaban sashe da shugaban tsangaya kafin ta isa ga magatakarda. Kowane tebur a wannan jerin na iya riƙe fayil mako guda ba da mugun nufi ba, mai teburin ne ya tafi taro Abuja. Ka rubuta takardar a gajarce, ka haɗa da kwafin gayyata, ka faɗi ranakun fita da dawowa da 'yan kwanakin hanya, ka kuma rubuta ƙarara cewa masu shirin ne za su ɗauki nauyi, gwamnati ba za ta kashe kobo ba. Wannan jimla ɗaya na sa fayil ya yi sauri, don abin da mai sa hannu ke fara dubawa ke nan. Ka yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ka riƙe. Ka rubuta lambar fayil ɗin a wayarka, ka san sunan ofishin da yake kwance kowane mako.

Kada ka yarda da "je ka kawai, ba komai" na baka, ko da daga bakin darakta ya fito, ko da amininka ne. Ana yi wa darakta canjin wurin aiki kana can, wanda ya gaje shi ya buɗe rajista ya tarar wata uku ba ka sa hannu ba. Inda ake dangwala yatsa a na'ura kuwa, na'ura ba ta san an yi maka izini ba. Haka ake tsayar da albashin mutum, ko a zo tantance ma'aikata a saka sunansa cikin na bogi, iyali na gida suna jiran ƙarshen wata. Saboda haka idan amincewa ta fito, kai da kanka ka kai kwafi sashen albashi da wurin masu kula da na'urar halarta. Takardar ta bayyana ko hutun da albashi ne ko babu. Idan da albashi ne, galibi za a sa ka sa hannu kan yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi aiki na wani lokaci, da masu tsaya maka. Ka karanta ta da kyau, ka kuma faɗa wa masu tsaya makan abin da suka ɗauka a wuyansu. Ka tambayi ko jarrabawar ƙarin girma za ta faɗo kana waje, ka cike fom ɗin kimanta aikin shekara kafin ka tafi. Likita ya sabunta lasisinsa na hukumar likitoci, MDCN, wanda ake yi kafin ƙarshen Disamba kowace shekara, ma'aikaciyar jinya ta duba wa'adin nata. Sannan ka rubuta takardar miƙa aiki ta gaske: makullai, fayilolin da ke hannunka, kuɗin da ba ka kawo rasiɗinsu ba, da sunan wanda zai riƙe. Wanda ya bar ofis a hargitse shi ke sa a hana na bayansa tafiya, kuma wannan zalunci ne ga ƙannen da ba su ji ba ba su gani ba.

Sai maganar suna, wadda ita ce ciwon mutanen Arewa. Baje takardunka a tabarma: fasfo, katin NIN, BVN, takardar digiri, ta NYSC, takardar ɗaukar aiki, da gayyatar. Karanta su harafi-harafi. Za ka iya tarar da Muhammad a ɗaya, Mohammed a wata, Moh'd a ta uku. Wani a firamare an liƙa masa sunan gari, Kumo ko Dukku ko Misau, a jami'a ya zubar. Wata ta koma sunan miji a wurin aiki, digirinta na ɗauke da na uba. Ranar haihuwa kuma, takardar rantsuwar kotu ta ce 1 ga Janairu, fayil ɗin ofis ya ce wani abu daban. A gida wannan ba ya ɗaga wa kowa hankali. Kwamfutar ofishin jakadanci da ta kamfanin jirgi kuwa ba su san Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ba ne. Dokar ita ce sunan da ke fasfo shi ne sunanka, kuma ba a yin fasfo sai bayanansa sun dace da na NIN. Idan NIN ɗin ne ke da kuskure, shi za a fara gyarawa a NIMC, hukumar da ke ba da shi, gyaran kuma ba na kwana biyu ba ne. Idan fasfo daidai yake, gayyatar ce ta zo da wani rubutu, tura musu hoton shafin fasfo yau, su gyara kafin su fitar da takardun biza da tikiti. Saɓanin da ke takardun makaranta ana rufe shi da rantsuwar babbar kotu da sanarwa a jarida.

Fasfon kansa, ka duba ya rage aƙalla wata shida bayan ranar dawowarka, ba ranar tafiya ba, da shafi biyu ko fiye da ba a buga komai a kansu ba. Daga 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Ka biya a shafin intanet na hukumar shige da fice da kanka, ka je ɗaukar hoto da yatsu a ofishinsu na Gombe ko Bauchi. Idan tsohon fasfo na da biza ko tambarin tafiya, ko na Hajji da Umara ne, kada ka yar. Shaida ce cewa ka taɓa fita ka dawo.

Biza ba a yin ta a Gombe. Abuja za ka je ko Legas, wani lokaci sau biyu, don haka ka sa kuɗin mota da masauki a lissafi, ka kuma haɗa duk abin da ke buƙatar Abuja a tafiya ɗaya. Idan an nemi a tantance takardun karatu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce farko, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje. Idan an nemi shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, ana farawa ne a shafin POSSAP. Mai zuwa Ingila fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar na hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja, ba kowane asibiti ba. Hoton ƙirji ake ɗauka, idan an ga tabo sai a karɓi majina, sakamakonta kuma na iya kai mako takwas. Wanda ya taɓa jinyar tari ya je da wuri, da katin maganinsa na da. Ƙasashen Shengen, irin su Jamus, Faransa da Holan, bizar gajeren zama kwana 90 ce cikin 180, da inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma ana iya nema tun saura wata shida. Abin da ya haura kwana 90 wata biza ce daban ta ƙasar kanta.

Bizar Amurka ta irin wannan shiri J-1 ce. Masu shirin za su aiko maka da takardar DS-2019, ka cike DS-160 a intanet. Shirin da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa ba a biyan kuɗin SEVIS, wato na rajistar ɗalibai da masu musaya, don haka ka tambaya kafin wani mai shagon kwamfuta ya karɓe maka. Irin wannan shirin na zuwa da sharaɗin dawowa gida ka yi shekara biyu kafin ka nemi bizar aiki ko ta zama a can. Tun 2025 dokokin suka shiga sauyawa ga 'yan Najeriya: a watan Yuni aka ce masu neman wannan biza su buɗe shafukansu na sada zumunta a gani, a Yuli aka mayar da yawancin bizar baƙi ta shiga sau ɗaya mai wata uku, daga baya aka ƙara tsaurarawa. Kada ka kashe kuɗi kan tafiyar Amurka sai masu shirin sun tabbatar maka a rubuce cewa ƙofar rukuninka a buɗe take. Kuma ka fahimci ma'anar shiga sau ɗaya, ka fahimtar da iyaye: idan aka yi rasuwa ko haihuwa ka taho gida, komawa sai da sabuwar biza. Wannan magana ce mai nauyi, gara a yi ta a zaure kafin tafiya da a yi ta a waya cikin kuka.

Fom ɗin biza ka cike da hannunka, ko ka zauna kusa da mai cikewa kana karanta kowane layi. Idan an taɓa hana ka biza, ka faɗa. Suna da bayanin, ɓoyewar ta fi hanawar muni.

Katin rigakafin shawara, wato yalo kad, daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ake karɓa, ana biya ta intanet. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma, amma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kada ka sayi kati ba allura. Mu da muka ga ɓarkewar cutar a yankin Alkaleri a 2019 bai kamata a yi mana wa'azi kan wannan ba. Ka ga likitan haƙori da na ido a nan, domin inshorar yawancin shirye-shiryen ba ta ɗaukar su, kuma cire haƙori ɗaya a can na iya cinye alawus ɗin mako. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganinsa a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin, ba sunan kamfani kaɗai ba. Jafan na neman izini na musamman idan maganin likita ya wuce na wata ɗaya. Tramadol da maganin tari mai kodin, ka bar su gaba ɗaya. Garin magani na gargajiya a ƙulle cikin leda ba rubutu, shi ma ka bar shi, don ba ka da bakin da za ka yi wa jami'in kwastan bayaninsa. Ka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro saura mako guda. Idan zazzaɓi ya kama ka a can, ko bayan makonni ne, abin da za ka fara faɗa wa likita shi ne daga Najeriya ka zo, a duba maleriya. Likitan da bai saba ganinta ba, zai ɗauka mura ce.

Alawus ba ya jiran ka a filin jirgi. Wasu shirye-shiryen sai ka buɗe asusun banki a can, wasu kuma kai za ka kashe su mayar maka. Ka riƙe abin da zai ɗauke ka mako biyu, tsaba, sababbin takardu, ka raba gida biyu a jikinka. Abin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana wa kwastan. Ka je bankinka ka tambayi ko katinka na aiki a waje da iyakar abin da zai iya cirewa, ka duba ranar mutuwar katin. Kowane rasiɗi ka ɗauki hotonsa nan take, don tawadarsa na gogewa.

Layin wayarka shi ne makullin asusunka, nan lambar sirri ke shigowa. Kada ka bar wa ƙane ya riƙe maka, kada kuma ka jefa shi a akwati ka manta, domin layin da ya yi watanni ba a amfani da shi ana rufe shi, daga baya a sayar wa wani. Ka sa masa kuɗi, ka sa a buɗe masa aiki a ƙasar waje tun kana gida, ka saka shi a ƙaramar waya, ka riƙa tura saƙo lokaci-lokaci. Manhajar banki ka gwada ta kafin ka tashi. Ranar da ta kulle kana Tokiyo, za a ce ka zo reshe da kanka.

Yanzu gida. A ganina nan ne ake gane wanda ya shirya. Ka zauna da uwargida da takarda, ku lissafa wata-wata: cefane, wuta, ruwa, kuɗin makaranta na Satumba da Janairu da Afrilu, haya, adashi, abin da ake kai wa iyaye. Hatsi ka saya a Tudun Hatsi ka ajiye, idan tafiyar ta kama bayan kaka ma ya fi sauƙi. Kuɗin cefane ya riƙa shiga asusunta kai tsaye ta umarnin da za ka bar wa banki. Bin ta hannun wa ko ƙane na jawo ɓacin ran da zai daɗe bayan ka dawo, ko da kowa na da gaskiya. Ka naɗa wakili ɗaya, ba uku ba, don abin da ya shafi waje: gona idan damina za ta same ka a can, taki da 'yan ƙwadago, mai gidan haya, makarantar yara. Ka gabatar da shi ga waɗanda zai yi hulɗa da su. Katin inshorar lafiya na iyali, GoHealth a Gombe ko BASHCMA a Bauchi, a tabbatar yana aiki, a san asibitin da za a nufa da dare da wanda zai tuƙa. Mai mata fiye da ɗaya ya yi wannan lissafin da kowace ɗaki, a fili.

Ka rubuta basussuka, na kanka da waɗanda kake bi, ka rubuta wasiyya, ka sa shaidu. Mutane na ƙyamar wannan kamar kiran mutuwa ne, alhali hadisi ya hore mu kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa ba.

'Yar'uwa da aka zaɓa, naki shirin ya fi nasa yawa, kuma ba laifinki ba ne. Maganar maigida da iyaye ki fara ta tun ranar cike fom. Gajerun shirye-shirye galibi ba sa yarda a zo da iyali, dogayen da ke yarda kuma ke za ki ɗauki nauyinsu. Idan da goyo ko juna biyu, ki rubuta wa masu shirin da wuri, sau da yawa akwai hanyar ɗage gurbi, kuma kamfanonin jirgi na neman takardar likita idan ciki ya tsufa. Ki nemi masauki na mata zalla a rubuce tun kafin a raba ɗakuna. Hoton fasfo da na biza ana yi da hijabi, muddin fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. Ga mazajen da abin ya shafa kuma: wata uku na haƙuri da girkin ƙanwa ba su kai abin da za ta dawo da shi ba.

Kaya. Yawancin jiragen ƙasa da ƙasa na ba da akwati biyu masu kilo 23, amma tikitinka ne hujja, kuma jirgin cikin gida daga Lawanti ko Bauchi zuwa Abuja ba ya ba da haka, za ka biya rarar. Ka auna a gida. Kilishi, dambun nama da duk abin da ya fito daga nama ba sa shiga Amurka, Ingila ko Tarayyar Turai, ko da wace irin leda aka naɗe su, man shanu da kayan nono ma ba sa shiga Ingila ko Tarayyar Turai. Dunƙulen miya mai naman kaza ma ana iya ƙwacewa a Amurka. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, zoɓo da daddawa sun fi samun wucewa idan sun bushe sarai, an niƙa, an zuba a leda mai haske da suna a jiki. Daddawa ka ninka mata leda uku ka sa a roba mai murfi, in ba haka ba babbar rigarka za ta isa taro kafin kai. Ko me ka ɗauka, idan fom ya tambaya ko kana da abinci, ka ce e. Wanda ya bayyana, iyaka a karɓe. Wanda ya ɓoye, tara ce, wani lokaci har biza ta tafi. Saƙon wani kuma, ko na limamin unguwa ne, ba ka ɗauka sai ka buɗe ka gani da idonka. Jami'an NDLEA mai akwati suka sani, ba mai saƙo ba.

Sanyin hunturun Gombe ba shi ne sanyi ba. Inda ake sauka ƙasa da sifiri, dabarar ita ce sawa hawa-hawa: matsattsiyar riga da wando na ciki masu riƙe ɗumi, suwaita, sannan jaket mai tare iska, da safar hannu, hular sanyi da takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa. Na cikin suna shiga ƙarƙashin kaftani ko abaya ba wanda ya sani. Jaket ɗaya ta gwanjo mai kyau ta isa ta kai ka, ka riƙe ta a hannu, sauran ka saya can. Ka tafi da man shafawa mai kauri, iskar ɗakin da ake ɗumamawa na busar da fata. Kayanmu na gida kala biyu masu kyau, don akwai ranar da za a ce kowa ya sa na ƙasarsu. Filogin Najeriya irin na Ingila ne. Turai mai ƙafa biyu zagayayyu ne, Amurka da Jafan masu faɗi, wutarsu kuma 120 da 100 ce, tamu 230. Duba jikin caja: idan an rubuta 100 zuwa 240, mahaɗi kawai kake buƙata. Dutsen guga da hita ka bar su. Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a akwati ba. Ƙaramar buta ta roba kuwa, wanda ya manta da ita zai tuna tun a filin jirgin farko.

Lokutan salla za su ba ka mamaki. A Landan rana na faɗuwa bayan tara na dare a watan Yuni, a Disamba kuma kafin huɗu na yamma, har azahar da la'asar da magariba su taru cikin lokacin aiki. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas ce, daga Amurka arewa maso gabas, daga Indiya yamma. Ka nemi masallaci mafi kusa a taswira tun kana gida, ka faɗa wa mai kula da shirin maganar Juma'a da abincin halal a makon farko, ko a fom idan an tambaya, har da abincin jirgi. 'Yan'uwa Kirista daga Kaltungo, Billiri ko Tafawa Ɓalewa, ku karɓi takardar gabatarwa daga fasto, tana buɗe ƙofa a cocin can. Ku sa lokacin waya da gida: Jafan na gabanmu da awa takwas, gabashin Amurka na bayanmu da biyar ko shida.

Akwai shirin da ba ya shiga akwati, kuma shi ne dalilin tafiyar. Za a ce ka tashi ka yi bayanin aikinka cikin minti goma. Kwasa-kwasan JICA ma sukan nemi rahoton halin da aikinka ke ciki kafin ka zo, da tsarin abin da za ka aiwatar in ka koma. Ka tafi da alƙaluma na gaske daga ofishinka, da izinin shugabanka, da hotuna masu kyau, ba fuskar majiyyaci ko yaro ba tare da yardar masu shi ba. Ka zaɓi matsala ɗaya ƙarama da za ka iya taɓawa da kasafin da kake da shi, kamar yadda ake ajiye bayanan masu awo a asibitin karkara, ko zaizayar ƙasa a unguwa ɗaya. Wanda ya je da niyyar gyara ilimin Najeriya gaba ɗaya, hotuna kawai yake dawowa da su. Ka san jiharka: an cire Gombe daga Bauchi a 1 ga Oktoba 1996, ƙananan hukumomi 11, Bauchi na da 20, ga dam ɗin Dadin Kowa, simintin Ashaka, a Bauchi kuma Yankari da ruwan Wikki. Za a tambaye ka Boko Haram, ka shirya amsa ta gaskiya a jimla uku, ba kare kai ba ɓata gida. Likita ya sani cewa in ba shi da lasisin ƙasar, kallo zai yi, ba zai taɓa majiyyaci ba. Tsaraba kuma ƙanana: hula, jakar fata, zannuwan saƙi. Ban da fatar kada ko ta mesa da hauren giwa, dokar duniya ta tsananta a kansu.

Ranar tafiya kada ka haɗa jirgin Gombe da na ƙasar waje a yini ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na hana jirgi sauka, kuma tikitin biyu ba su san juna ba: idan na farko ya makara, na biyu ba ruwansa. Ka kwana Abuja ko Kano, kwana biyu ma idan da hali. Mai bin mota ta Bauchi da Jos ya fita da asuba, wuni guda ne, kada dare ya same shi a hanya. Ka duba inda jirginka zai yada zango, domin mai fasfon Najeriya na buƙatar bizar wucewa a filayen jirgin Ingila da na Shengen, sai wanda ke riƙe da irin bizar da aka keɓe, kamar ta Amurka ko Kanada. Ka isa fili awa uku kafin tashi.

A jakar hannu: fasfo, yalo kad, gayyata, takardar sallama daga aiki, adireshin masauki da lambar wanda zai tarbe ka a rubuce a takarda, magani, kaya kala ɗaya, da biro. Kwafin kowace takarda ɗaya a akwati, ɗaya a imel, ɗaya a gida wurin uwargida. Jami'in da zai buga maka tambari a can tambayoyinsa ba su wuce me ya kawo ka, wa ya gayyace ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Ka amsa abin da aka tambaya, daidai da abin da ke fom ɗinka, ka duba tambarin kafin ka bar teburin. Guntun katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa ka adana, masu shirin na nema, ofishinka ma zai nema ranar da za ka rubuta takardar komawa bakin aiki.